Ranar da Iya Ta Kama Sunan Baba

Mu mutanen fadama mun fi tsoron rana mai haske a watan Agusta fiye da baƙin hadari. Ruwan da ke cin mu can yamma ake tafka shi, wajen Kano, sai ya biyo kogi a hankali yana tafe yana hutawa, mu kuwa muna nan muna shanya. Sai dai kurum mutum ya tashi da safe ya tarar da kwanon tuwonsa yana yawo a tsakar gida. A wani ɗan ƙauye aka haife ni tsakanin Miga da Haɗeja. Gidajen Kirista a garin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, namu na ciki, sauran duk Musulmi ne. Tare muke noman shinkafa, tare muke gyaran jinga, wato tudun ƙasar da ake ja a bakin kogi don tare ruwa, kuma in ta ɓalle tare muke gudu.

Kakata ta wajen uba Iya muke ce mata. Gajeruwa ce, ga faɗa, ga son goro, ba ta kuma yin tatsuniya kyauta. Sai an matsa mata ƙafa. In an gama girbi aka shiga sanyi, bayan an ci tuwo, sai a tara ƙaiƙayin shinkafa a tsakar gida a cinna masa wuta. Ƙaiƙayi ba ya harshe, ci yake a hankali yana ja, ɗuminsa kuwa ya isa har a watse. Mu zagaye shi, ni da ƙanena Dauda da yaran maƙwabta, Iya ta miƙe ƙafa ta ce, “Ga ta nan tafe da jiƙaƙƙen zane.” Mu kuma mu amsa, “Ta matso ta sha wuta.” Ban taɓa jin wata tsohuwa ta buɗe tatsuniya haka ba, ina jin ita ta ƙirƙiro abinta. Baba yakan zauna can bakin zaure, ya juya mana baya yana ɗinkin koma, ragar kamun kifi, kamar ba ya cikin gidan.

Baba, sunansa Ishaku, shi ne ɗan Iya na fari. Don haka ba ta kama sunansa. “Wancan” take ce masa, in kuma ta so karamci ta ce “mai gidan nan.” In ya durƙusa gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Ko zazzaɓi ya kwantar da shi ba ta leƙa shi, iyakarta ta tsaya nesa ta tambayi mahaifiyata, “Mutanen ɗakin nan sun tashi kuwa?” Ina yarinya na ɗauka ba ta ƙaunarsa, har nakan ji haushinta. Shi ma ba ya kama nata sunan, kuma da yake sunanta aka sa mini, Saratu, sai ya zamana ni ma ba ya kama nawa. Uwata yake ce mini, Iya kuma ta ce mini takwara.

Shekarar da nake son ba da labarinta ban fi shekara tara ba. Jinga ta ɓalle da hantsi, kafin azahar ruwa ya kai gwiwa a cikin gari. Aka yi ta jigilar mutane da awaki da buhunan hatsi a kwalekwale zuwa wani tudu da ke da makarantar firamare. Kowa ya fita sai mutum ɗaya, Malam Garba, maƙwabcinmu na katanga ɗaya. Tsoho ne, matarsa ta rasu, shi kaɗai yake zaune. Masu kwalekwale sun tsaya ƙofar gidansa sun yi ta ƙwala masa kira, ya leƙo ya ce, “Ku je, ina nan tafe.” Mai unguwa ya aika, amsar ke nan. ’Ya’yan ƙanensa suka je suka yi roƙo, suka yi faɗa, suka dawo suna cewa tsohon ya fara ruɗewa. Wasu suka ce rumbunsa yake gadi, ai dama an san shi da maƙo.

Da la’asar Baba ya shiga kwalekwalen ƙarshe ya ce bari ya gwada. Muna tsaye bakin ruwa har rana ta yi ja, sai ga kwalekwalen ya dawo da mai tuƙi shi kaɗai. Mahaifiyata, Inna, ta tare shi tun bai daidaita ba.

“Ina baban Saratu?”

“Ya sauka,” in ji mutumin, yana kallon ƙasa. “Ya ce in gaya muku tsohon ba zai kwana shi kaɗai ba. Na ce masa ni fa ba na komawa cikin duhu, ruwan ya fara ja. Ya ce ya sani.”

Inna ta ɗora hannu a ka. Iya kuwa tana zaune kan buhu, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ci gaba da ɓare goronta. Na tuna na dube ta na ce a raina, wannan tsohuwa ba ta da zuciya.

Magariba ta yi, maza suka yi salla a filin makarantar, mata suka hura wuta da jiƙaƙƙen itace wanda hayaƙinsa ya fi wutarsa yawa. Mun gode wa hayaƙin, don sauro ya yi mana taron dangi. An kafa wani kara a bakin ruwa don a ga ko yana ƙaruwa, Inna ta mai da wurin kasuwarta, ta je ta dawo, ta je ta dawo, kowane zuwa fuskarta ta ƙara ɓaci. Abin da ya fi tsaya mini har yau shi ne ƙarar. Ginin ƙasa in ya sha ruwa ta gindi narkewa yake, sai ya tafi gaba ɗaya. Daga tudun muna jiyo katangun garinmu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, tim, sai kwaɗi su yi tsit, can su ci gaba. Duk wadda ta faɗi sai wani ya ce, “Wannan ta wajen masallaci ce,” wani ya ce a’a, ta unguwar su Ishaku ce. Dauda ya fara kuka.

Sai muka ji muryar Iya. “Takwara, zo nan. Kai ma mijin banza, share hancinka ka zo, wa zai auri rago?” Muka matsa. Na kai hannu zan matsa mata ƙafa ta ture ni, ta ce yau kyauta ce. “Ga ta nan tafe da jiƙaƙƙen zane.” Muka amsa can ƙasa-ƙasa.

Ta ce wai an yi wani sarki da ke zaune a kan tudu mai tsawo, inda ruwa bai taɓa zuwa ba. Can ƙasa a fadama akwai talakawansa, kowace shekara ruwa sai ya ci su, shi kuwa abin yana damunsa don yana ƙaunarsu. Ya aiki sanƙira ya tsaya bakin gaɓa da ganga ya ce sarki ya ce a taso a hau tudu. Mutanen fadama suka dubi ƙafarsa, suka ga a bushe take, suka ce, “Wannan me ya sani?” Sarki ya aiki masu kwalekwale, suka ce musu, “Ku da kuke kan katako, kun san abin da muka binne a ƙasar nan?” Ya sa aka jefa musu igiya, suka ɗauke ta suka ɗaure awaki.

Sarkin nan yana da ɗa guda ɗaya tak. Ɗan ya ce, “Baba, ni zan je.” Bai jira ruwa ya zo ba. Tun da rani ya tuɓe kayan sarauta ya ninke, ya ɗaura ɗan bante, ya gangara da ƙafa. Ya roƙi aron gona aka ba shi mafi muni, wadda ke bakin kogi. Ya yi noma har hannunsa ya yi kanta. Matsattsaku suka sha jininsa, zazzaɓi ya kayar da shi, tsuntsayen jan-baki suka sauka a gonarsa kamar yadda suke sauka a ta kowa. In an yi mutuwa da shi ake haƙa kabari, in an yi suna da shi ake cin tuwo. Har mutane suka manta daga inda ya zo, suna aikensa ɗebo wuta.

“Iya, don me bai gaya musu shi ɗan sarki ba ne?” in ji Dauda.

“Ya faɗa mana, suka yi dariya. Kai in ka ga mutum da taɓo har kunne ya ce maka shi ɗan sarki ne, ka yarda?”

Da ruwa ya zo, ta ce, gonarsa ya fara ci. Ya tsaya ya yi kuka, kowa ya ga hawayensa. Sannan ya ɗauki sanda ya ce, “Ku zo mu tafi gidan ubana. Kowa ya kama bakin rigar na gabansa, na farko ya kama ɗamarata. Inda na sa ƙafa nan za ku sa.” Wannan karon suka tashi, don wanda ya kira su a jiƙe yake kamarsu. Suka shiga ruwa, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Suna cikin tafiya suka iso wani gurbi mai zurfi wanda ba wanda ya taɓa tsallake shi.

A nan wata katanga ta faɗi, babba, har muka ji kamar a ƙarƙashinmu. Iya ta dakata.

“Ya ce musu ku tsaya, ni zan fara shiga. Ya sa ƙafa, ruwa ya rufe kansa. Suka yi ta jira, shiru. Suka yi ta kira. Sai Ishaku ya…”

Sunan Baba ne ya suɓuce mata. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, ban kuma ƙara ji ba har ta bar duniya. Inna, wadda ashe tana tsaye bayanmu, ta durƙushe ta fashe da kuka tana cewa, “Haba Iya, wace irin tatsuniya ce wannan a rana irin ta yau?” Iya ta jawo mayafi ta rufe fuskarta, ta juya wa wutar baya. Muka jira ta ƙarasa, ba ta ƙarasa ba. Na kwanta jikinta ina jin leɓɓanta suna motsi, da ɗan sarki a ƙarƙashin ruwa da Babana duk suka cakuɗe mini, har barci ya sace ni ban sani ba.

Hayaniya ce ta tashe ni da safe. An ce kwalekwale ya je ya tarar ba kowa, gidan Malam Garba ya zube, namu ma rabi ya tafi. Inna ta zauna daɓas. Ana cikin haka wani ya nuna can gabas, wajen layin giginyu, inda ba wanda yake dubawa. Kawuna biyu ne a kan ruwa, suna tafe a hankali. Baba ne a gaba da doguwar sanda yana cakawa kafin ya taka, Malam Garba a baya ya damƙe bakin rigarsa, ya ɗora ƙunshin iri a ka. Tsohuwar jinga suka biyo, wadda ruwa ya shanye, suna lalubenta da tafin ƙafa. Masu kwalekwale suka yunƙura za su tarye su, Baba ya ɗaga hannu ya hana.

Daga baya muka ji yadda aka yi. Baba bai roƙe shi ba, bai yi masa wa’azi ba. Ya jawo amalanke ya ɗaure ta jikin tsamiya nesa da katanga, suka hau suka zauna. Ya riƙe masa buta ya yi alwala, ya yi sallarsa a zaune, ya ce wa Baba, “Kai ma ka roƙa mana.” Suka raba ɗan garin rogon da ke gidan. Sai da suka daɗe zaune sannan tsohon ya ce, “Ishaku, tun ranar da kwalekwale ya kife da ɗana Habu, ban ƙara sa ƙafa a cikinsa ba. In na dube shi gwiwata ba ta ɗaukata.” Kowa a garin ya san Habu ya nutse tun kafin a haife ni. Kowa ya san Malam Garba yakan zaga ta doguwar hanya in za shi kasuwa. Amma shekara da shekaru ana cewa rowar kuɗin fito ce, shi kuwa ya gwammace a ce masa marowaci da a ce masa matsoraci. Ga shi duk wanda ya zo cetonsa a cikin kwalekwale ya zo.

Da suka tako tudu mutane suka rufe su. Iya ba ta tashi daga kan buhunta ba. Na ruga na ce, “Iya, ɗan sarkin fa?” Ta harare ni ta ce, “Ina idonki yake? Ya fito mana. Ruwa bai iya riƙe shi ba, ya ɓullo ya kafa musu sanda suka bi. Ƙurunƙus kan ɗan tarwaɗa.” Sannan ta juya wajen Inna ta ce, “A ɗora wa wancan ruwan zafi, ya tsaya yana ɗiga kamar kaza.”

Sai da na girma na gane labarin wa Iya ta ba mu. Kowace Kirsimeti a ’yar majami’armu mai rufin kwano, fasto yakan yi bayani cewa Allah ya ɗauki jiki irin namu a cikin Yesu Almasihu, aka haife shi, ya ji yunwa, ya gaji, ya yi kuka a wurin makoki. Maƙwabtanmu Musulmi ba haka suka gaskata ba, mun san da haka, sun san da haka, kuma hakan bai hana Malam Garba aiko mana da naman layya har ya rasu ba. Iya ba ta yi karatu ba, manyan kalmomin fasto ba su dame ta ba. Na taɓa tambayarta, ta ce, “Abin da na gane, bai tsaya bakin gaɓa yana kira ba. Ya shigo. To wanda ya ce yana binsa, ina zai tsaya?” Na ɗauka na fahimta. Har nakan koya wa yara a makarantar Lahadi, da ƙafata a bushe.

Yanzu aikin jinya nake a Kano. Iya ta daɗe da rasuwa, Inna ma ta bi ta, Dauda yana kudu. Baba ya ƙi barin ƙauye, matar wani ɗan ƙanensa ke kai masa abinci. Damina biyu da suka wuce ruwa ya sake zuwa, aka kwashe mutane zuwa tudun nan dai, sai aka bugo mini waya aka ce kowa ya fito sai Baba. Na kira shi. Muryarsa garau, har da dariya. “Uwata, kwantar da hankalinki, ruwan bai taka kara ya karya ba. Ina nan tafe.” Na yi lallashi, na yi faɗa irin na ma’aikatan asibiti, na sa fasto ya kira shi, na nemi mai kwalekwale na musamman ya je har ƙofar gida. Ya dawo shi kaɗai. Ina tsaye a barandar asibiti da waya a kunne, ina shirin sake kira, sai kalmar nan ta dawo mini, ina nan tafe. Na san wanda na taɓa ji ya faɗe ta, Malam Garba ne. Na nemi izini na nufi tasha.

Na isa Haɗeja da rana, na hau babur har inda hanya ta yanke, na shiga kwalekwale. A ƙofar gidanmu na sauka, ruwa ya kai mini cinya, na ce wa mai tuƙin ya tafi. Na sami Baba zaune kan gadon da ya ɗora bisa turame. Ya ji motsin ruwa ya ce, “Wane ne?” alhali ina tsaye gabansa, ga hasken rana. Na hau gadon na zauna kusa da shi. Na buɗe ƙosan da na sayo a tasha na miƙa masa, ya kai hannu, hannun ya wuce ta gefe ya kama iska. Na leƙa idanunsa, duka biyun yanar ido ta rufe su fari fat. Ni da nake duba idon mutanen da ban sani ba kullum, sai ga na ubana ya mutu a hankali ban sani ba, don ta waya ba a ganin ido. Gidan ya haddace, da hanyar majami’a, da ta gona, shi ya sa ba wanda ya lura.

“Uwata,” ya ce, bayan mun daɗe, “ni da na fitar da mutane, yanzu a cicciɓe ni a gaban yara a jefa a kwalekwale kamar buhu? A kai ni tudu inda ban san ko hanyar bayan gida ba?”

Na ce, “Ba mai ɗaukarka, Baba. Da ƙafa za mu. Ni ce ido, kai ne hanya.”

Mun fita. Daga baya an yi masa aiki a ido ɗaya, yanzu yana gani har yana yi wa jikokinsa faɗan ƙazanta. Amma abin da ke dawo mini shi ne tsakiyar tafiyar. Ina gaba da sanda, yana baya ya damƙe haɓar zanena, yana cewa in bi dama, akwai gurbi bayan giginya ta biyu. Ruwa ya kai mini ƙirji, yana ja, sanyi ya shiga ƙashina, wani abu ya goge ni a ƙafa. Wata katanga ta faɗi a bayanmu. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ji kaina ina cewa da ƙarfi, “Ga ta nan tafe da jiƙaƙƙen zane.”

Na ji hannunsa ya ƙara damƙe zanen. Mutumin da shekara da shekaru yake juya mana baya a bakin zaure yana ɗinkin koma, kamar bai san ana yi ba, ya gyara murya a bayana.

“Ta matso ta sha wuta,” ya ce. “Taka, Uwata, ina riƙe da ke.”